Tafiyar Mashigai Uku A Gindin Everest

A arewa maso gabashin ƙasar Nepal, dab da iyakar Tibet, akwai wani yanki mai suna Khumbu, inda tsaunin Everest yake, wanda ya fi kowane tsauni tsawo a duniya, da mita 8,849. Tun ran 29 ga watan Mayu na 1953, sa'ad da Edmund Hillary mutumin New Zealand da Tenzing Norgay suka fara taka ƙololuwarsa, sunan wannan yanki ya bazu ko'ina. Amma galibin dubban baƙin da ke zuwa can kowace shekara ba hawan tsaunin ke kai su ba, tafiyar ƙasa suke yi a gindinsa. Cikin hanyoyin da suke bi kuwa, wadda ta fi suna wajen wuya ita ce ta mashigai uku, watau Kongma La da Cho La da Renjo La. Zagaye ne na kimanin kilomita 160 wanda ke cin kusan mako uku, inda aka tashi nan ake komowa.

Kalmar "La" da harshen Tibet ita ce mashigi, watau wurin da ƙirjin dutse ya ɗan rusuna tsakanin ƙololuwa biyu, har mutum ya sami damar ƙetarawa daga wannan kwari zuwa wancan. Sai dai kada rusunawar ta ruɗi mai karatu. Mafi ƙanƙanta cikin ukun nan ya kai mita 5,360. Chappal Waddi na Jihar Taraba, wanda babu dutsen da ya kai shi tsawo a Nijeriya, mita 2,419 ne. Garin Lukla ma, inda ƙaramin jirgin sama ke sauke matafiya su fara tattaki, yana wajen mita 2,850, watau zangon farko ya riga ya ɗara ƙololuwar Nijeriya.

Daga Lukla kwana biyu ne zuwa Namche, babbar kasuwar ƙabilar Sherpa, wadda ke ci ran Asabar. Ana bin gaɓar kogin Dudh Koshi, ana ƙetare shi a kan gadojin igiyar ƙarfe masu lilo, sa'an nan a yi hawa ɗaya mai tsawo har mita 3,440. A nan ne mai hankali ke kwana biyu ba tare da ya ƙara gaba ba, ko da kuwa yana jin ƙarfi a jikinsa. Dalilin wannan zama shi ne jigon tafiyar duka, don haka ya kamata a tsaya a kansa.

Iskar oksijin da jiki ke bukata kashi 21 ce cikin ɗari na iskar da ake shaƙa, a bakin teku ko a kan tsauni. Abin da ke raguwa shi ne nauyin iskar kanta, har a wajen mita 5,500 ya koma kimanin rabi. Ke nan numfashi ɗaya a kan Kongma La rabin abin da yake kai wa huhu a Legas yake kawowa. Jiki yana iya sabawa, ta hanyar yawaita numfashi da ƙara jajayen ƙwayoyin jini, amma kwanaki yake bukata, ba ya kuma karɓar umurnin kowa. Saboda haka likitocin da suka san sha'anin tsaunuka suka yi ƙa'ida cewa in an wuce mita 3,000, kada wurin kwanan yau ya ɗara na jiya da fiye da mita 500, a kuma riƙa hutun yini guda bayan kowane kwana uku ko huɗu.

Wanda ya ƙetare wannan ƙa'ida, ciwon kai ke fara yi masa sallama, sai tashin zuciya, da ƙin abinci, da rashin barci. In ya yi taurin kai ya ci gaba da hawa, ruwa na iya taruwa a huhunsa, ya yi ta haki ko yana zaune, ko kuwa ƙwaƙwalwarsa ta kumbura, ya riƙa tangaɗi kamar mashayi, yana magana ba kai. Waɗannan biyun na kisa cikin yini guda. Akwai ƙwayar acetazolamide da ke taimaka wa jiki ya saba, amma in ciwon ya kama, maganin da ba ya ƙarya shi ne sauka ƙasa nan take, ko da tsakar dare ne. Abin mamaki kuma, ƙarfin jiki ba ya kare kowa. Sau da yawa saurayi majiyi ƙarfi shi ke fara faɗuwa, domin ƙafarsa na kai shi inda jininsa bai shirya zuwa ba, dattijon da ya baro a baya yana tafe sannu a hankali ya zo ya wuce. Tun 1973 ƙungiyar ceto ta Himalaya ta buɗe ɗakin shan magani a ƙauyen Pheriche saboda irin waɗannan.

Yawanci ana fara zagayen ta gabas. A wuce gidan ibadar mabiya addinin Buda na Tengboche, a huta a Dingboche, a kwana a Chhukung, mita 4,730, sa'an nan a tashi tun kafin asuba da fitila a goshi a nufi Kongma La, mita 5,535. Sammakon ba don nuna himma ba ne: da rana ta yi tsaka iska ke tasowa, gajimare ya rufe hanya. Wannan mashigi shi ya fi sauran tsawo da kaɗaici, babu masauki ko mai sayar da shayi tun daga Chhukung har Lobuche. Bayan an gangaro kuma, gajiya ta riga ta kama gwiwa, sai ga daskararren kogin Khumbu a gaba, tulin ƙanƙara mai tafiya a hankali wanda tsakuwa da manyan duwatsu suka lulluɓe. Hanyar da aka bi a kansa bara ba lalle a same ta bana ba.

Cho La, mita 5,420, shi ne mai ƙanƙara a fili a gefen gabas, inda ake ɗaura wa takalmi haƙoran ƙarfe, gefen yamma kuwa gangara ce mai tsauri wadda duwatsu ke gangarowa in rana ta narkar da abin da ke riƙe da su. Daga nan a ƙetare Ngozumpa, daskararren kogin da ya fi kowanne tsawo a Nepal, a isa tafkunan Gokyo masu ruwa shuɗi shar. Renjo La ya fi sauƙi, daga kansa kuma ake hango Everest da Lhotse da Makalu a jere. Bayansa sai kwarin da fataken Sherpa suka daɗe suna bi zuwa Tibet, su kai hatsi su komo da gishiri a bayan yak, wata irin saniya mai dogon gashi. Hanyar ta biyo ta Thame, ƙauyen da Tenzing ya yi ƙuruciya, wanda ambaliya daga tafkin ƙanƙara ta yi wa ɓarna a watan Agusta na 2024.

To, duk wannan labarin baƙo ne, mai 'yar jaka a baya da na'urar ɗaukar hoto. Babbar jakarsa fa? Tana bayan ɗan dako. A nan akwai kuskuren da ya game duniya, na kiran duk mai ɗaukar kaya a Nepal da sunan Sherpa. Sherpa ƙabila ce, kakanninsu sun ƙauro daga gabashin Tibet shekaru wajen 500 da suka wuce, jikinsu kuma ya gāji zaman tudu. A yau da yawansu su ne masu masaukai, ko jagorori, ko ƙwararrun masu hawan ƙololuwa. Masu dakon kuwa yawancinsu manoma ne daga ƙananan tuddai na kudu, 'yan ƙabilun Rai da Tamang da sauransu, waɗanda ke haurowa cin rani a watannin da baƙi ke zuwa, Maris zuwa Mayu da Oktoba zuwa Nuwamba. Ciwon tsauni na kama su kamar yadda yake kama Bature, ga kuma kaya a ka.

Ba da gammo suke ɗauka ba. Kwando ne ko ƙunshi a gadon baya, da maɗauri mai faɗi wanda ke ratayuwa a saman goshi, da gajeren sanda mai kai kamar ƙotar fartanya, wanda suke tokare kayan da shi su huta a tsaye. Wasu masana daga Beljiyam sun auna masu kai kaya kasuwar Namche, suka buga sakamakon a 2005: a matsakaici, namiji na ɗauke da kashi 93 cikin ɗari na nauyin jikinsa, mace kuwa kashi 66. Waɗannan masu dakon hajar 'yan kasuwa ne, da nauyi ake biyansu. Masu yi wa baƙi dako an ƙayyade musu kada kaya ya wuce kilo 30, amma a kan Cho La babu mai ma'auni.

A 1997 wani matashin ɗan dako ya kamu da ciwon tsauni a Nepal, sai aka biya shi haƙƙinsa, aka sallame shi ya sauka shi kaɗai, ya mutu a hanya. Wannan mutuwa ce ta sa wasu likitoci da matafiya suka kafa ƙungiyar IPPG ta kare 'yan dako. Abin da ta nema ba mai yawa ba ne: tufafin sanyi da takalmi da tabarau na kare ido daga hasken ƙanƙara, wurin kwana mai rufi, magani daidai da na baƙo, kada kuma a sallami marar lafiya ba tare da ɗan rakiya ba. Duk wanda ya ji wannan jerin ya san abin da ake yi kafin a rubuta shi. An sami sauyi, ba shakka, har an gina wa 'yan dako ɗakunan kwana a wasu zanguna. Amma jirgi mai saukar ungulu ya fi saurin zuwa wa mai takardar inshora, ɗan dako kuwa yakan ɓoye ciwon kansa, domin in ya faɗa aikin ya ƙare, kuɗin sauran kwanakin sun tafi.

Haɗari in ya zo ba ya tambayar fasfo. A watan Nuwamba na 1995 dusar ƙanƙara ta zuba ba zato a kwarin Gokyo, ta zaftaro kan wani masauki a Panga, ta hallaka Japanawa 13 tare da 'yan Nepal da ke yi musu hidima. Amma irin wannan ba kullum ba ne. Abin da ke faruwa kowace shekara shi ne gaggawa, ita kuma a ofis ake ƙulla ta. Kamfani na son ya karya farashi, baƙo na da hutun mako biyu kacal, sai a zare ranar hutun Dingboche, a haɗe zango biyu ya zama ɗaya. A takarda kwana biyu aka rage. A kan dutse kuwa, baƙon da ya zaɓi wannan tsari aƙalla da idonsa ya sa hannu, alhali wanda ke bayansa da kilo 30 ba a shawarce shi ba. Madugun fatake na dā da ya san aikinsa, da tafiyar jakin da ya fi rauni yake yanka zango, ba da ta dokinsa ba.

Saboda haka wanda Allah ya hore wa zuwa, tambayoyin da suka cancanci ya yi wa kamfani kafin ya biya su ne: kwana nawa na hutu ke cikin tsarin, kilo nawa kowane ɗan dako zai ɗauka, wa zai ba shi rigar sanyi, akwai inshora a kansa, wa kuma zai raka shi in ya kwanta. Kamfanin da ya yi ta kame-kame wajen amsa, ya riga ya amsa.

Daga Thame yini guda ne zuwa Namche, daga nan kuma a gangara Lukla. A daren ƙarshe al'ada ce baƙi su tara kyautar kuɗi su raba wa jagora da 'yan dako, wasu su bar musu takalmi ko riga. Da safe baƙi su yi layi suna duban sama, domin in gajimare ya rufe, jirgi ba ya sauka a filin nan mai tsawon mita 527 wanda Hillary ya sa aka share a 1964. In kuwa ya sauka, 'yan dako na tsaye a bakin shinge, suna jiran jakunkunan waɗanda ya kawo.