Shawara Ga 'Yan'uwana Malamai: A Karanta Kafin A Goge

Ya ku 'yan'uwana masu koyon aikin malanta, ina roƙo ku kasa kunne, gama abin da zan faɗa ya same ni, gobe kuwa yana iya samun waninku.

Sa'ad da aka tura ni gwajin koyarwa a wata makaranta nan ƙasar Potiskum, na iske kwamfuta ɗaya tak a ofis, mai aiki da Ubuntu. Cikinta aka zuba sakamakon jarrabawar yara duka. Ran nan muna cikin sabunta manhajojinta sai wuta ta ɗauke. Da wuta ta komo muka kunna ta, amma ta ƙi karɓar kome sabo, sai wani rubutu take fitarwa da Turanci. Ba wanda ya tsaya ya karanta, har da ni. Aka kirawo wani yaro mai gyara, ya ce ba magani sai a goge ta ƙaƙaf a sake zubi. Aka goge. Sakamakon zango guda ya tafi, muka kwana bakwai muna tonon tsofaffin takardu, iyayen yara suna ta zirga-zirga. Daga baya na gane, ashe layi biyu ne da mun rubuta da ta warke.

To, mene ne asalin cutar? Garinmu garin manyan motoci ne, kowane bakanike ya san sabuwar taya ba ta hawa wilin da ba awonta ba. Haka manhaja take. Kowace ƙunshi-ƙunshi ce, wannan yana dogara ga wancan, wancan kuma ga wani, kowane da lambar da yake nema. Hannu ɗaya ba ya ɗaukar jinka. A shekarar 2016 wani mutum ya janye ɗan ƙunshinsa mai layi 11 kacal daga rumbun npm, aikin dubban mutane a duniya ya tsaya cik.

Saboda haka ne mutanen Debian, wadda aka fara a 1993, suka tara ƙunshinsu a rumbu ɗaya, suka naɗa masa ma'aji mai suna apt, shi ke duba abin da kowane ƙunshi yake bukata ya ɗauko. Ubuntu, wadda ta fito a 2004, a kan Debian aka gina ta, ma'ajin nan ta gada. In ya ƙi aiki, lalle yakan faɗi dalili, kuma galibi ɗayan uku ne.

Na fari, yankewar wuta ko intanet ana tsakiyar zubi, kamar yadda ta same mu. Maganinsa a rubuta "sudo dpkg --configure -a", sa'an nan "sudo apt --fix-broken install", ma'aji ya ƙarasa abin da ya bari. Na biyu, ɗauko ƙunshi daga rumbun waje, ko na wata fitowa dabam, a cusa. Wannan sai a cire baƙon rumbun da ƙunshinsa, a rubuta "sudo apt update". Na uku, tsufa. Ubuntu mai dogon zango tana fitowa bayan shekara biyu-biyu cikin watan Afrilu, ana kula da ita shekara 5, sauran kuwa wata 9 kaɗai. Wadda ta daɗe da wuce wa'adinta sai ƙaura zuwa sabuwa.

Amma kafin kome, a kwafe takardun makaranta a filashi, gama ba a fafe gora ranar tafiya. In kuma ma'aji ya jera abin da zai cire ya tambaye ka, karanta jerin tukuna kafin ka amsa.

Na san wani zai ce, "Mu malamai ne, ina ruwanmu da aikin masu gyara?" Ɗan'uwa, in aka tura ka ƙauye, mai gyara yana da nisa, kai ne wanda za a duba. Kuma da wane baki za ka ce wa yaro ya karanta tambaya kafin ya ba da amsa, alhali kuwa kai ka ga rubutu ka kau da kai?

Don haka ina roƙon shugabanninmu, cikin ladabi, su ware mana ko da awa ɗaya a mako, a ba mu tsohuwar kwamfuta mu ɓata ta da gangan, mu gyara da hannunmu. Ɓarnar da aka yi a aji ba ta cin sakamakon kowa.

Allah shi ba mu haƙurin karatu, amin.