Kada a Haddace Harafin Jarri Shi Kaɗai

Bahaushen da ya baro Agadas ya sauka Sabha, babban birnin Fezzan, ba ya daɗewa yake sanin sunayen kaya da Larabci. Inda yake tuntuɓe shi ne ƙananan kalmomin da malaman nahawu ke kira haruffan jarri: fi, min, ala, li. A ganina, laifin yana ga hanyar koyo, domin an saba haddace kowane harafi da fassara guda, alhali kowane harshe da yadda ya raba aikinsu.

Dubi harshen Fotugal. Mu mukan ce “zan tafi kasuwa” babu harafi ko ɗaya, su kuwa dole su ce “vou ao mercado”. Kalmarsu “em” ita kaɗai tana aikin “cikin” da “kan”: “na caixa”, cikin akwati, “na mesa”, kan tebur. Hausa ta bambanta su, don daga sassan jiki ta samo su: ciki, kai, baya, gaba.

Wani zai ce jerin fassara ya fi sauƙi ga mai jarrabawa. Haka ne, amma a kasuwa kuskuren na iya jawo asara. “Na saya masa” daban, “na saya a wurinsa” daban, kamar “lahu” da “minhu” a Larabci. Wanda ya musanya su ya mai da mai sayarwa mai karɓar kyauta.

Saboda haka, ɗalibi, ka haddace harafin tare da aikatau ɗinsa, cikin cikakkiyar jimla da ka ji a bakin masu harshen.