Ƙarar motoci masu turbo a hanyar Damargu da yadda za a rage ta

Hanyar ƙasa mai lamba 11, wadda ta taso daga Damagaram ta bi ta Bakin Birji da Tanut da Adarbisanat har Agadas, ita ce jijiyar ƙasar Damargu. Tsakanin Damagaram da Agadas akwai tafiyar kusan kilomita 450, kuma wannan yanki ne na babbar hanyar da ta ratsa Sahara daga Aljeriya zuwa Legas. A zamanin da ayarin raƙuman Abzinawa ne suke saukowa ta wannan sashe domin sayen geron Damargu. A yau motoci ne suka gaji raƙuma, kuma yawansu ya ƙaru ƙwarai tun daga watan Nuwamba na 2011, lokacin da aka buɗe matatar mai ta SORAZ a ƙaramar hukumar Olelewa cikin gundumar Tanut, sannan daga 2014, shekarar da aka gano zinariya a Jado da Cibarakaten, matasa suka yi ta kwarara arewa.

Tafiyar hamada tana son mota mai ƙarfi da sauri. Shi ya sa katkat irin su Toyota Hilux da Land Cruiser suka zama dokin wannan zamani, kuma da yawa daga cikinsu suna da na'urar nan da ake kira turbo, wasu tun daga masana'anta, wasu kuwa a gareji aka ɗora musu. Tare da wannan gyara wata ɗabi'a ta shigo, wato a yanke salansa a maye gurbinta da miƙaƙƙen bututu, bisa zaton cewa inji zai sami numfashi. Sakamakon haka shi ne rugugin da mazauna bakin hanya suke ji dare da rana. Lamarin ya cancanci a dube shi da idon basira, domin ya shafi kunnen direba, da makiyayar dabbobi, da kwanciyar hankalin jama'a.

Daga tseren Paris-Dakar zuwa garejin unguwa

Turbo tsohuwar dabara ce. Wani injiniya ɗan ƙasar Suwizalan mai suna Alfred Büchi ne ya yi rajistar fasaharta a 1905. Aikinta mai sauƙin fahimta ne: hayaƙin da ya fito daga inji da zafi da ƙarfi yana juya wata ƙaramar farfela, ita kuma tana juya ƴar uwarta da ke ɗure wa inji iska. In iska ta yi yawa a cikin silinda, ana iya ƙona mai da yawa, sai ƙaramin inji ya yi aikin babba. Farfelar tana zagayawa fiye da sau 100,000 a minti ɗaya.

Mutanen Nijar da yawa sun fara jin rurin irin waɗannan motoci ne ta dalilin tseren Paris-Dakar, wanda Thierry Sabine ya kafa, wanda kuma tun zagayensa na farko, a watan Janairu na 1979, ya bi ta Agadas da Yamai. A 1986 René Metge ya ci tseren da Porsche 959 mai turbo biyu. A 1987 Ari Vatanen ya ci da Peugeot 205 Turbo 16. Tseren ya bar Afirka bayan da aka soke na 2008, ya koma Kudancin Amurka a 2009, daga 2020 kuma ya koma Saudiyya. Amma ya bar wani tunani a zukatan matasa, cewa motar da ta fi ƙara ita ce ta fi gudu. Abin da aka manta shi ne motar tsere ƴan kwanaki take yi ta wuce, direbanta yana sanye da hular kwano mai toshe kunne, kuma ayarin kanikawa yana biye da ita yana kwance ta kowane dare. Motar haya kuwa shekara da shekaru za ta yi tana ratsa kasuwanni da ƙofar makarantu.

Hujjar direbobi

Adalci ne a saurari hujjar masu yanke salansa, gama akwai ƙamshin gaskiya a cikinta. Gargadar hanya tana tsaga salansa, tudun yashi yana fizge ta, baƙin hayaƙi yana toshe ta, ta asali kuma tana da tsada. Salansar da ta toshe tana riƙe hayaƙi a bayan turbo, farfela ta yi nauyin tashi, zafi ya taru a inji, mota ta rasa ƙarfi a daidai wurin da ake bukatarsa, wato cikin rairayi. Direban da ya yanke irin wannan salansa ya ji motarsa ta sake, ba mafarki ya yi ba.

Kuskuren yana wajen ɗaukar cewa kowace salansa haka take. Inji mai turbo hanya buɗaɗɗiya yake so a bayansa, kuma ana iya ba shi buɗaɗɗiyar hanyar da ba ta da ƙara. Hasali ma turbo da kanta tana cinye wani kaso na ƙarar, tun da bugun hayaƙi yana karyewa a jikin farfela kafin ya fita. Saboda haka rage ƙarar inji mai turbo ya fi sauƙi a kan rage ta injin da ba shi da ita.

Akwai kuma gyaran da ake haɗawa da yankan salansa, wato ƙara wa famfon gazuwal mai fiye da kima. Injin Land Cruiser da ake kira 1HZ, mai silinda 6 da lita 4.2, wanda ya fito a 1990, an ƙera shi ne ba tare da turbo ba. In an ɗora masa ita aka kuma buɗe famfo ba da lissafi ba, baƙin hayaƙi yana yawa, zafi yana hawa, fistan ko kan inji yana iya tsagewa. Hausawa sun ce ganga in ta cika zaƙi, fashewa za ta yi.

Abin da ƙara take jawowa

Da desibel ake auna ƙarfin sauti, kuma ma'aunin yana da wata ɗabi'a da ya kamata a sani: ƙarin desibel 3 yana nufin ƙarfin sautin ya ninka biyu. Masana lafiyar ma'aikata sun tsayar da cewa iyakar abin da kunne zai ɗauka ba tare da lahani ba shi ne desibel 85 na tsawon awa 8 a yini. In ya kai 88, lokacin ya koma awa 4. In ya kai 91, awa 2 ne kawai. Direba da yaron mota da suke wuni a kan hanyar Tanut zuwa Agadas su ne na farko da abin yake ci, kuma jin da ƙara ta kashe ba ya dawowa, domin ƙwayoyin da ke cikin kunne ba sa sake tsirowa. Direban da kunnensa ya yi nauyi ba ya jin odar na bayansa, ba ya kuma jin ƙaramin motsin da inji yake yi kafin ya lalace.

Haɗari na biyu shi ne hayaƙin kansa. Bututun da aka yanke ya tsaya a ƙarƙashin mota yana tura hayaƙi cikin ɗakin direba da kuma bayan mota, inda fasinja suke zaune a kan kaya. A cikin hayaƙin, musamman na injin isansi, akwai iskar guba marar launi marar wari, wadda take sa ciwon kai da gyangyaɗi, a rufaffen wuri kuma tana kisa.

Haɗari na uku shi ne wanda ya fi shafar Damargu. Dokar 26 ga Mayu 1961 ta shata iyakar noma ta arewa, abin da ya wuce ta kuma makiyaya ce. Wani babban sashe na gundumar Tanut da ta Balbeji, wadda ta sami matsayin gunduma a 2011, ƙasar kiwo ce ta Fulani da Abzinawa. Daga ƙarshen damina, in ciyawa ta bushe iskar hunturu ta taso, tartsatsi ɗaya ya isa ya cinye abincin da dabbobi za su dogara da shi har faɗuwar ruwa. Wannan ne dalilin da ake share layukan tare gobara a daji bayan damina. Hayaƙin injin gazuwal da yake jan kaya cikin yashi yana iya kai zafin digiri 600 ko fiye, kuma ɓarɓashin baƙin da ya manne a bututu yana ɓallewa ya fito jajawur. Salansa tana iya tare wani kaso na wannan ɓarɓashi ta sanyaya shi. Miƙaƙƙen bututu kuwa, balle in bakinsa yana kallon ƙasa, kai tsaye yake tofa shi cikin ciyawa.

Sai kuma abin da ba a aunawa da na'ura: raƙumi ko sa da ya firgita ranar kasuwa ya tsinke igiya ya bi ta kan mutane, da majinyacin da ya kasa barci, da fashewar da injin isansi marar salansa yake yi kamar harbin bindiga, a yankin da jama'a suke da dalilin tsorata da irin wannan sauti.

Yadda ake rage ƙara ba a rage ƙarfi ba

Matakin farko shi ne neman yoyo. Ƙara da yawa daga tsaguwa take fitowa, ko daga mahaɗar bututu da turbo in faifan da ke tsakaninsu ya ƙone. Baƙin tabo a bakin mahaɗa shi ne alama. Haka nan turbo tana da ƙofar da take sakin rarar hayaƙi in matsi ya kai iyaka. Wasu masu gyara sukan bar bakin wannan ƙofa a fili, shi ne ihun da ake ji in an taka mota. Mayar da shi cikin babban bututu yana kawar da ihun.

Mataki na biyu shi ne zaɓen salansar da ta dace. Iri biyu ne manya. Akwai mai ɗakuna, wadda take juya hayaƙi ta bango-bango har ƙarfinsa ya karye. Tana kashe ƙara sosai, amma in ta yi wa inji kaɗan tana riƙe numfashi. Akwai kuma mai miƙaƙƙen ciki: bututu ne mai ƙananan huje-huje ya ratsa cikin gwangwani, an cusa soson ƙarfe marar tsatsa da audugar gilashi a kewayensa. Hayaƙi yana wucewa ba tare da cikas ba, sauti kuma yana shiga hujin ya mutu a cikin audugar. Wannan ita ce ta dace da inji mai turbo. Iyakar girman gwangwanin, iyakar shirun da za a samu, kuma guda biyu a jere, ƙarama a tsakiya babba a ƙarshe, sun fi guda ɗaya aiki. Duk mai walda da ya iya aikinsa zai iya ƙera ta a Tanut ko a Damagaram. Sai dai a sani audugar tana ƙonewa da daɗewa, ana kuma bukatar sake cusa ta.

Mataki na uku ya shafi gurnanin nan mai kauri da yake cika ɗakin direba in mota ta daidaita gudu, wanda auduga ba ta iya masa. Lissafinsa a fili yake. Inji mai silinda 4 da yake juyi 3,000 a minti yana bugawa sau 100 a daƙiƙa, haka ma mai silinda 6 da yake juyi 2,000. Maganinsa shi ne a yi wa babban bututu reshe mai toshasshen baki, tsawonsa kusan mita ɗaya ga irin wannan bugu. Sauti yana shiga reshen ya dawo a daidai lokacin da zai ci karo da na bayansa, su kashe juna. Hayaƙi ba ya bi ta ciki, don haka ƙarfin inji yana nan yadda yake. Makanike yakan ƙara tsawon ko ya rage har ya dace da motar.

Na ƙarshe, a bar faɗin bututu daidai da girman inji, domin bututun da ya wuce kima ƙara kawai yake haifarwa. A rataye shi da roba domin gargada, a ɗaga shi yadda yashi ba zai fizge shi ba, a kai bakinsa har bayan mota nesa da fasinja, kuma kada ya kalli ƙasa.

Doka da tarbiyya

Doka ba ta yi shiru a kan wannan batu ba. Yarjejeniyar zirga-zirgar hanyoyi da aka sa wa hannu a Biyana ranar 8 ga Nuwamba 1968, wadda Nijar ta shiga a 1975, ta wajabta wa kowace mota mai inji salansa mai aiki. Ƙasashen Turai sun sa wa ƙananan motoci iyakar desibel 82 a 1970, suka sauko da ita zuwa 74 a tsakiyar shekarun 1990, dokarsu ta 2014 kuma ta tsara saukowa mataki-mataki har 68. A cikin waɗannan shekaru ƙarfin injuna ƙaruwa ya yi, wanda ya nuna cewa shiru da ƙarfi suna iya zama a mota ɗaya.

Amma jandarma ba zai tsaya a kowace rijiya tsakanin Balbeji da Tanhiya ba, tara kaɗai kuma ba ta sauya abin da mutum ya yi imani da shi. Direban da aka tilasta wa mayar da toshasshiyar salansa zai cire ta da zarar ya wuce shinge. Wanda aka nuna wa salansar da ba ta rage masa gudu, shi da kansa zai riƙe ta. Saboda haka mabuɗin gyaran yana hannun kanikawa da masu walda, da cibiyoyin koyon sana'a da suke horar da yaran da za su gaje su, tun da icce tun yana ɗanye ake tanƙwara shi. Shugabannin tasha suna da ikon hana lodi ga motar da bututunta yake zuba hayaƙi a kan fasinja. Masu duba lafiyar mota suna iya leƙa ƙarƙashinta kafin su ba da takarda. Sarakuna da ardo-ardo da gidajen rediyon karkara su ma suna da bakin da za su tunatar da masu shiga daji da mota, tun kafin ciyawar bana ta bushe.