Shin Sanin Daidai Ya Isa Ya Hana Aikata Kuskure?

Sukurat, wanda mutanen Atina suka yanke wa hukuncin kisa a shekara ta 399 kafin haihuwar Annabi Isa (AS), ya tsaya a kan cewa babu mai aikata ɓarna da saninsa, jahilci ne kawai ke jan mutum. Maganar tana da daɗi a kunnen malamin makaranta, amma ba ta tsaya da ƙafafunta ba.

Almajirinsa Aflatun ya hango raunin. A littafinsa Jamhuriya ya kasa ran ɗan Adam kashi uku: hankali a sama, sha'awa a ƙasa, zafin zuciya a tsakaninsu. Ya kawo labarin Liyontiyas, wanda ya tarar da gawawwakin waɗanda aka kashe a bayan ganuwar gari. Ransa ya so kallo, hankalinsa ya ƙi. Ya rufe fuska, daga bisani ya ruga ya ƙura musu ido yana tsine wa idanunsa. Ai wannan ba jahili ba ne, ya san abin da yake yi sarai.

To, laifin wa? Ba a ɗora wa sha'awa kamar wata baƙuwa ce. A nan Aristotal ya fi su gaskiya. A ganinsa hali daga maimaita aiki yake ginuwa, kuma tun farko mutum ne ya zaɓi aikin, ko da daga baya sabo ya fi ƙarfinsa. Shi ya sa ya kafa hujja da dokar da ke ninka wa mashayi horo: barin giyar yana hannunsa kafin maye ya rufe masa ido.