Martani Ga Masu Zagin Josephine Baker

A ranar 30 ga Nuwamba 2021 Faransa ta shigar da Josephine Baker cikin Panthéon, ginin da take karrama manyan 'ya'yanta a birnin Faris. Ita ce baƙar mace ta farko da ta samu wannan girma. Duk da haka, da zarar an ambace ta sai tsofaffin zarge-zarge su taso. Ga amsata.

An ce 'yar rawa ce mai fita kusan tsirara, shi ke nan. Ta yi hakan, a wasan La Revue Nègre na 1925, da kuma a gidan wasan Folies Bergère da ɗan patarinta na ayaba. Ba zan wanke wannan shigar ba. Amma a tambayi inda ta fito. An haife ta a St. Louis ta Amurka a 1906, tana da shekara 8 aka tura ta aikatau gidajen Turawa, tana da 13 ta yi aure. Waɗanda suka toshe wa yarinya baƙa duk wata hanyar arziki su ne ƙarshen waɗanda ya kamata su yi mata wa'azin kunya.

An ce ta sayar da mutuncin baƙar fata ga Turawan mulkin mallaka masu son kallon "mutumin daji". Akwai ƙamshin gaskiya a nan, don Turawa ne suka tsara wasan. Sai dai a duba abin da ta yi da sunan da ta samu. A 1951 ta ƙi hawa dandali a Miami sai an bar baƙaƙe sun zauna cikin 'yan kallo, kuma masu gidan wasan suka sauko. A shekarar nan aka ƙi kula ta a Stork Club na New York, ta fito ta faɗa wa duniya. Ɗan jarida Walter Winchell ya liƙa mata kwaminisanci, aikinta a Amurka ya tsaya cik.

Masu cewa ta gudu ta bar 'yan uwanta don ta zama 'yar Faransa a 1937, ina suke a watan Agusta 1963, ranar da ta yi jawabi a gangamin Washington na Martin Luther King sanye da kakin soja? Kakin nan ba na wasa ba ne. Lokacin yaƙin duniya na biyu ta riƙa safarar bayanan sirri kan 'yan Nazi, a rubuce da tawadar da ba a gani a jikin takardun kiɗanta. Faransa ta ba ta lambar Croix de Guerre.

Zargin da ya fi min ciwo shi ne wai ta ɗauki riƙon yara 12 daga ƙasashe irin su Japan, Aljeriya da Kwalambiya don neman suna. Gaskiya ne ta bar masu yawon buɗe ido suna zuwa kallon yaran a gidanta na Milandes, kuma wannan kuskure ne. Amma bashi ya cinye gidan, aka fitar da ita a 1969, yaran kuwa ba ta watsar da su ba. Gimbiya Grace ta Monako ta ba su masauki, ita kuma ta koma dandali don ciyar da su. Ta rasu ranar 12 ga Afrilu 1975 tana da shekara 68, kwanaki kaɗan bayan buɗe sabon wasanta a gidan wasan Bobino.