SHARHI: A FARA DA ASIBITIN ƘOFAR GIDA

Babu mai cinikin shanu a Legas ko Anacha ko Fatakwal da bai san sunan Iware ba. Garin yana cikin Ƙaramar Hukumar Ardo Kola ta Jihar Taraba, kan hanyar Jalingo zuwa Wukari, kuma daga kasuwarsa ake loda manyan motoci da shanu zuwa Kudu. To amma akwai wani saƙo da ya kan biyo shanun, wato na 'yan uwa daga gida cewa ciwo ya tsananta, za a kai wane Jalingo, a aiko da kuɗi maza-maza.

Kusan kowane ɗan Arewa mazaunin Agege ko Sabo ta Ibadan ya taɓa samun irin wannan saƙo. Ya kan ci bashi, ko ya taɓa jarinsa, sa'an nan ya zauna yana jiran labari. Sau da yawa kuwa ciwon da ya cinye jarin ƙarami ne tun farko, zazzaɓi ne ko gudawa ko naƙuda, wanda da an tare shi a ƙaramin asibitin garin da bai kai haka ba.

A Ingila kowane iyali yana da likitan da ya yi rajista da shi, wanda ya san uba ya san ɗa. A garuruwa irin Iware malamin asibiti da ungozoma su ne likitan iyali. Su ne farkon ganin majiyyaci, su ne kuma ke yanke shawara ko a yi masa magani nan take ko a tura shi gaba. Jalingo tana da Cibiyar Lafiya ta Tarayya da Asibitin Ƙwararru na Jiha, amma ba a gina su domin kowane zazzaɓi ba. Idan ƙananan asibitoci suka kasa, sai jama'a su kwarara can, layi ya yi tsawo, mai ciwon gaske ya kwana a baranda.

Ba yau aka san wannan ba. A 1978 ƙasashen duniya suka taru a Alma-Ata suka yarda cewa lafiyar jama'a daga matakin farko take somawa. Farfesa Olikoye Ransome-Kuti, wanda ya riƙe Ma'aikatar Lafiya daga 1985 zuwa 1992, a kan wannan ya kafa aikinsa, ya dage da rigakafi da ruwan gishiri da sukari da horar da ma'aikatan karkara. A 2001 shugabannin Afirka suka yi alkawari a Abuja cewa za su riƙa ware kashi 15 cikin 100 na kasafin kuɗinsu domin lafiya. A 2014 aka sa hannu kan Dokar Lafiya ta Ƙasa, wadda ta keɓe aƙalla kashi 1 cikin 100 na kuɗin shigar Gwamnatin Tarayya domin kula da lafiya a matakin farko, ko da yake sai a kasafin 2018 aka fara sa kuɗin. Manufar ita ce kowace mazaɓa ta sami asibiti ɗaya mai aiki sosai.

Ashe ke nan ba doka aka rasa ba. Abin da ya rage shi ne a ga dokar a ƙasa. Hanyar gane haka kuwa ba ta da wuya, ko wanda bai yi boko ba zai iya auna asibitin garinsu da tambayoyi uku.

Ta farko, in mace ta fara naƙuda da ƙarfe biyun dare, akwai wanda za a tarar? Zubar jini bayan haihuwa tana iya kashe mace cikin sa'o'i biyu. Binciken lafiya na ƙasa na 2018 ya nuna mata 512 ke mutuwa cikin kowace haihuwa 100,000 a Nijeriya. Asibitin da ke kulle ƙofa da la'asar ba shi da amfani ga mai naƙuda, kome kyan fentinsa.

Ta biyu, akwai magani da kayan gwaji, ko kuwa takarda kawai ake rubutawa a ce a tafi kemis? Gwajin zazzaɓin cizon sauro bai wuce minti ashirin ba, kuma kimanin kashi ɗaya cikin huɗu na masu kamuwa da wannan cuta a duniya a Nijeriya suke. Bugu da ƙari Taraba tana cikin jihohin da zazzaɓin Lasa ya kan ɓulla da rani, shi kuwa da fari kama yake da zazzaɓin sauro. Inda babu gwaji sai a yi ta ɗirka wa mutum magani a kan zato har lokaci ya ƙure.

Ta uku, yaya ake karɓar talaka? Matar da aka daka wa tsawa a wurin awo ba za ta koma ba, gida za ta haihu. Manomin da aka karɓi kuɗinsa ba rasit zai gaya wa maƙwabta. Amma adalci ne a faɗi cewa ma'aikacin da aka bari shi kaɗai, ba wuta, ba ruwa, ba gidan kwana, albashi kuma sai an ga dama, ba za a ɗora masa laifin duka ba.

Alhakin yana wuyan hukuma. Tun da Kotun Ƙoli ta yanke hukunci a watan Yuli 2024 cewa a riƙa biyan ƙananan hukumomi kasonsu kai tsaye, hujjar cewa kuɗi sun maƙale a sama ta yi rauni. Ranar kasuwa ba a taɓa rasa mai karɓar haraji a kara ba. Garin da ake samun mai yanka rasit kan kowace saniya bai kamata a rasa ungozomar dare a cikinsa ba.

Su ma mazauna Kudu suna da nasu aikin. Suna da sarakunan Hausawa, suna da ƙungiyoyin fataken shanu da na direbobi, suna kuma zuwa gida da salla. Kowace mazaɓa an tanadar mata kwamitin raya ta, wanda ke da ikon sa ido kan asibiti. Ya kamata ƙungiyoyin nan su nemi sanin 'yan kwamitin, su tambayi nawa ya shigo da abin da aka saya da shi, su bukaci a manna farashin magani da sunayen masu aikin dare a bango. In za su yi gudummawa, su haɗa ta wuri ɗaya a sayi fitilar hasken rana ko a gyara rijiya, hannu ɗaya ba ya ɗaukar jinka.

Kuɗin da ake aikawa bayan ciwo ya ci ƙarfi sun ninka waɗanda za a kashe tun yana ƙarami, kuma ba kullum suke dawo da majiyyaci gida ba. Lalle ne Gwamnatin Jihar Taraba da Ƙaramar Hukumar Ardo Kola su tabbata asibitin matakin farko a Iware da maƙwabtanta yana buɗe dare da rana, da ma'aikaci da magani a ciki.