Aikin Gayya da Amosanin Jini

Ga labarin wani aikin gayya. Daga 1990 zuwa 2003 masanan ƙasashe 6 suka haɗu suka karanta rubutun gado da ke cikin jikin ɗan Adam, harafi wajen biliyan 3. Tun 1996 suka yi alkawari duk abin da aka karanta a baza shi kyauta cikin sa'a 24.

To, amosanin jinin nan da ke wahalar da 'ya'yanmu, harafi ɗaya ne ya sauya cikin rubutun. A 2023 Ingila ta yarda da maganinsa, Casgevy, amma a Amurka aka sa masa dala miliyan 2.2. A ganina, ilmin da aka noma da gayya bai kamata girbinsa ya gagari talaka ba.